Tambayoyin Masu Karatu: Coci ce ta kafa duwatsun nan ko aljanu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki. Ƙanina da ke karatu a Ingila ya turo min hotuna ta WhatsApp, wasu zaƙo-zaƙon duwatsu a tsaye tsakiyar fili, da wani ƙaton sito a garin Bradford-on-Avon wai na coci ne. Tun shekaranjiya ake musu a rumfarmu, wasu sun ce coci ce ta kafa duwatsun, wani dattijo kuma ya rantse aikin aljanu ne. Don Allah a raba mana gardama.
Mai karatu daga Mile 12, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Stonehenge ke nan a yankin Wiltshire, kuma ba ruwan coci a ciki, don an fara aikin wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Manyan duwatsun da yawansu sun kai wajen tan 25, ƙananan kuwa tun daga Wales aka jawo su, tafiyar sama da kilomita 200, ba tirela ba kwalta. A gaishe da Baba, amma an tono ƙahonnin barewa da aka yi haƙa da su a wurin, aljani me zai yi da ƙaho?

Shi sito labarinsa daban. A ƙarni na 14 aka gina shi, tsawonsa mita 51, mallakar gidan bautar mata 'yan coci da ke garin Shaftesbury. Lokacin kowane ƙauye da ubangidansa, kusan irin gandun sarki da kakanninmu suka sani, talaka na da 'yar gonarsa amma dole ya yi kwana biyu ko uku duk mako yana wa ubangida noma, niƙa ma sai a wurin niƙan ubangida kuma ya biya, kai ko 'yarsa zai aurar sai ya biya, ga ushirin coci na jiransa bayan girbi. Sau da yawa ubangidan ma cocin ce da kanta. A ƙidayar da Sarki William ya sa aka yi a 1086 kusan kwata na ƙasar Ingila a hannun coci yake, to ka ga dole a gina sito irin wannan.

Sai da Sarki Henry na takwas ya ɓata da Fafaroma ya bi gidajen bautar nan ya ƙwace, na Shaftesbury a 1539 aka rufe shi, filayen suka koma hannun masu kuɗi. Siton dai ba a taɓa shi ba, manoma suka ci gaba da zuba amfani a ciki har farkon ƙarni na 20.