Ƙanena, kafin ka rufe kundin dokokin nan na jami'a

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila har takardar CAS, wadda jami'a ke bayarwa a nemi bizar karatu da ita, ta fito. Allah ya sanya albarka. Ka ce jami'ar ta turo maka kundin dokokin ɗalibai, ka leƙa ka ga maganar shaye-shaye da faɗa da sata, sai ka rufe, tunda kai ba mashayi ba ne ba kuma mafaɗaci ba. Kana tambaya ko akwai abin da ya shafi mutum kamili a ciki. Akwai fa. Yawancin 'yan'uwanmu da na ga sun shiga uku da makaranta a nan kamilai ne, masu kunya da son taimako, kuma taimakon da kunyar su suka ja musu.

Bari in fara da kaina, don kada ka ɗauka wa'azi nake maka daga kan tudu. A zangona na farko wani abokin karatu ya same ni, kwana biyu ya rage a miƙa jinga, ya ce bai gane yadda ake tsara ta ba, in tura masa tawa ya duba kawai. Ban yi tunanin komai ba na tura. Bayan mako uku sai ga imel daga ofishin sashe, ana gayyatata zama kan zargin haɗa baki a aikin da ya kamata kowa ya yi shi kaɗai. Ranar zaman malamai biyu ne da wata mai ɗaukar bayani. Ba wanda ya ɗaga murya, har ruwa aka miƙo mini. Sai aka ajiye takardu biyu a gabana, tawa da tasa, an shafa wa wuraren da suka yi daidai launi. A shafi na huɗu na rubuta shekarar wani littafi ba daidai ba, shi ma nasa kuskuren iri ɗaya ne sak, a layi ɗaya. Na ce ni na rubuta, shi ya kwafa. Malamar ta ce ta yarda, amma doka ta hana bayarwa kamar yadda ta hana karɓa. Abin da ya cece ni shi ne laifin farko ne, kuma na nuna musu tsofaffin kwafin aikin a kwamfutata da kwanan watansu. Aka ba ni gargaɗi a rubuce. Shi kuwa aka ba shi sifiri, ya sake aikin, aka kuma ƙayyade masa maki 50, wato iyakar makin cin jarrabawa a yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu, komai kyan abin da ya rubuta. Tun daga ranar in mutum ya ce in taimaka masa, muna zama in yi masa bayani da baki har ya gane, amma takardata ba ta barin hannuna.

Satar rubutu ita ce babbar gadar zaren. Mu da muka taso muna haddace maganar malami mu mayar masa da ita a jarrabawa ya ba mu maki, a nan wannan ɗabi'ar laifi ce. Duk jimlar da ka ɗauko daga littafi ko intanet sai ka sa ta cikin alamar zance ka faɗi mai ita da shafin. Ko da ka juya ta da kalmominka, ra'ayin nasa ne, dole ka ambace shi. Yawancin jami'o'i suna bi da aikin ɗalibi ta manhajar Turnitin, wadda ke gwada shi da littattafai da shafukan intanet da ayyukan ɗaliban da suka gabata. Za ka ji ɗalibai suna cewa in kamanceceniyar ba ta wuce kashi kaza ba ka tsira. Kada ka saurare su. Manhajar nuni kawai take yi, malami ne ke yanke hukunci, kuma sakin layi ɗaya da aka ɗauko ba a ambaci mai shi ba ya isa a kira ka. Wani abin da zai ba ka mamaki, har kanka kana iya yi wa sata. In ka miƙa aikin da ka taɓa samun maki da shi a wani kwas, ko wani yanki na kundin digirinka na farko, ba tare da ka bayyana ba, shi ma laifi ne.

Da ka sauka za ka fara ganin saƙonni a WhatsApp da Instagram daga masu cewa za su rubuta maka jinga ko kundi a biya su. Tun 2022 doka ta haramta wannan sana'a da tallata ta a Ingila. Ɗalibin da ya saya ba shi dokar ke gurfanarwa ba, amma a wajen jami'a sayen aiki yana cikin laifuffukan da kan kai ga kora kai tsaye, ko da shi ne na farko. Ga shi kuma wanda ya rubuta maka ya riƙe wuyanka, don an sha samun masu dawowa su ce a ƙara musu kuɗi ko su kai ƙara makaranta. Su ChatGPT kuwa, da suka fito a ƙarshen 2022, kowace jami'a da nata tsarin, wani lokaci ma kowane kwas da nasa. Wani malamin ya yarda ka yi amfani da su wajen tsara tunani muddin ka faɗa, wani ya hana ɗungurungum. Ka karanta umarnin kowace jinga daban. In suka yi shakka suna iya kiran ka su ce ka yi bayanin abin da ka rubuta baki da baki, a nan ne wanda bai san me ke cikin aikinsa ba yake fara gumi ana tsakiyar sanyi.

Abin da ya sa nake tsawaita wannan magana shi ne hukuncinka da na ɗan ƙasa ba ɗaya ba ne, ko da a takarda iri ɗaya aka rubuta. Ɗan ƙasa in an kore shi ya koma gidansu ya nemi wata makaranta. Kai bizarka a jikin jami'ar take rataye, ita ta tsaya maka a wajen Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ranar da ta janye sunanka wajibi ne ta sanar da ma'aikatar cikin kwanakin aiki 10, daga nan akan taƙaita bizar zuwa kwana 60, ko ka samu wata hanyar zama ta halal ko ka tattara ka fita. Kuɗin makaranta da aka sha wuya aka tara kuwa ya tafi. Jami'ar ma ba mugunta take yi ba, lasisinta na ɗaukar ɗaliban waje take karewa, shi ya sa roƙo da haɗa mutum da Allah ba sa aiki a ofishin nan.

Wannan dalilin ne ya sa suke bin diddigin halartar aji. Wasu da kati ake taɓa na'ura a bakin ƙofa, wasu lamba malami ke nunawa a allo ka shigar a waya. Aboki zai turo maka saƙo ya ce yana wajen aiki, ka tura masa lambar ko ka taɓa masa katinsa. A wajenmu wannan alfarma ce da ba ta kai a yi godiya ba, a wajensu ƙaryar takarda ce, kuma ku biyun za a kira. Aikin ma da ya hana shi zuwa yana da iyaka: awa 20 a mako lokacin karatu ga mai digiri, ana lissafi daga Litinin zuwa Lahadi, ba a kuma cewa na yi 25 wannan makon zan yi 15 mako mai zuwa. Sana'ar kai an hana ta gaba ɗaya. Ka lura kuma, watannin bazara da kake rubuta kundin digiri na biyu yawanci lokacin karatu ake ɗaukar su, ba hutu ba, ko da ba ka shiga aji. Mutane da dama a nan suka zame.

Sai zaman tare da mutane, inda nake so ka buɗe kunne sosai. Tun watan Agustan 2025 hukumar da ke sa ido kan jami'o'in Ingila ta ɗora wa kowace jami'a sharaɗin fito da tsarin magance tsangwama da cin zarafi ta fuskar jinsi, don haka ba sa wasa da ƙorafi. In ka nuna wa mace kana so ta ce a'a, magana ta ƙare. Nacin da wasu ke ɗauka alamar da gaske ake, sake kira, sake tura saƙo, tsayawa jiran ta a bakin aji, a nan sunansa tsangwama, kuma saƙonnin naka su ne shaida. Haka yaba surar mace, ko taɓa wanda bai ba ka fuska ba da sunan wasa. Barkwanci kan ƙabila ko launin fata ko addini ko naƙasa ko yanayin rayuwar wani, ko da a zauren WhatsApp na 'yan aji ne da tsakar dare, mutum ɗaya ya ɗauki hoton allo ya isa. Ba wanda zai tilasta maka sauya aƙidarka, kuma dokar daidaito ta 2010 da ta kare su ita ta kare ka, don addini da launin fata suna cikin abubuwa 9 da ta hana a nuna wa mutum bambanci a kansu. In wani ya ci mutuncinka saboda sallarka ko fatarka, ƙofar ƙorafin a buɗe take gare ka. Abin da ba a yarda ba shi ne ka rama da hannu. Wanda ya fara kai duka ya ɓata shari'arsa komai gaskiyarsa.

A gidan kwanan ɗalibai abin da ya fi kama baƙi shi ne na'urar gano hayaƙi da ke manne a silin. Tana da saurin kuka, sai wani ya gaji ya sa mata safa ko leda. Masu duba ɗakuna da sun shigo sama suke fara kallo. Tara ce, wani wurin har da kora daga gidan, domin ran mutanen bene guda ka sa a haɗari. Kyandir da duk abin da ake kunna wa wuta yawanci an hana a ɗaki, sigari kuwa tun 2007 aka hana sha a cikin gine-ginen jama'a. In ƙararrawar gobara ta kaɗa ka fita ko da ƙarfe uku na dare ne ana zabga ruwa, zama a ɗaki ma laifi ne.

Maganar ƙwaya da makami ka riga ka sani, sai dai abu biyu. Tramadol ba a riƙe shi sai da takardar likita, saboda haka kada wani ya ba ka saƙon magani ka sa a jaka ba ka san mene ne ba. Wuƙa kuma ba a yawo da ita a aljihu, in ban da 'yar ƙarama mai naɗewa wadda ba ta kullewa, da tsawon bakinta bai wuce inci 3 ba. Hukuncin yana iya kaiwa shekara 4 a kurkuku, kuma cewa don kare kai ka riƙe ba hujja ba ce.

To, a ce ƙaddara ta faɗa, imel irin nawa ya zo maka. Kada ka yi shiru. Na san wanda ya ga saƙon ya ji kunya ya ƙi buɗe na biyu da na uku, aka yi zaman ba ya nan aka yanke. Imel ɗin makaranta shi ne hanyar sanarwa ta hukuma, ko ka karanta ko ba ka karanta ba an ɗauka ka sani, don haka ka riƙa duba shi kullum. Ranar da ka samu gayyata ka nufi ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai. Kyauta ne, ba sa ƙarƙashin malamanka, sun san dokokin ciki da bai, kuma galibi an yarda wani ya raka ka zaman. Ka nemi a ba ka shaidar da ake da ita tun kafin ranar. Ka sani kwamitin ba kotu ba ce, ba sai sun tabbatar ba tare da kokwanto ba, abin da ya fi rinjaye a zato shi suke bi. Shi ya sa tsofaffin kwafin aikinka da bayanan da ka rubuta lokacin karatu suke da daraja, kada ka goge su. In ka yi kuskure ka faɗa da wuri, ƙarya a gaban kwamiti ta fi laifin farko tsada. In hukunci bai yi maka ba akwai ɗaukaka ƙara a cikin jami'a, wa'adinta gajere ne ƙwarai. In an gama za a ba ka takardar kammala matakai, da ita kake da wata 12 ka kai kuka ga OIA, ofishi mai zaman kansa da ke duba ƙorafin ɗaliban Ingila da Wales, shi ma ba a biya.

Yawancin masu kwafa da masu sayen aiki ba ɓarayi ba ne tun asali. Lokaci ne ya ƙure musu, ko rashin lafiya, ko an yi musu rasuwa a gida suna nan su kaɗai, suka ji nauyin faɗa wa malami. Alhali kowace jami'a tana da fom na neman ƙarin lokaci ko bayyana uzuri, kuma ana bayarwa in ka nema kafin wa'adi ya cika da 'yar shaida a hannu. Ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti na cike shi cikin minti goma aka ƙara mini mako guda, ba wanda ya tambaye ni abin da ya wuce takardar likita.

Kafin ka taso ka sake buɗe kundin nan, ka nemi sashen da ya yi magana kan gaskiya a aikin karatu da na halartar aji da na uzuri, ka karanta su a tsanake. Inda Turancin lauyoyi ya shige maka duhu ka ɗauki hoton shafin ka turo mini mu duba tare. Ka gaida su Baba da mutanen gida.