Ɗari da Biyar ko Ɗari Biyar? Amsoshi kan Kalmomin Lissafi

Wani malamin firamare ya rubuto yana cewa idan ya ce wa 'yan aji uku su rubuta ɗari da biyar, wasu sai su rubuta 500, wasu kuma 1005. Yana so ya san daga ina matsalar take.

Malam, kuskuren iri biyu ne. Wanda ya rubuta 500 bai ji "da" ɗin nan ba. A ƙirgar Hausa idan lamba ta biyo bayan ɗari ko dubu kai tsaye, ninkawa ake nufi: ɗari biyar, wato ɗari har sau biyar. Idan "da" ta shiga tsakani, tarawa ce: ɗari, a ƙara masa biyar, 105. Daga 11 zuwa 19 ne kawai "sha" ke yin aikin "da", shi ya sa ake iya yar da goman a ce sha biyu, kowa ya gane.

Shi kuwa mai 1005 ya ji ka sarai, sai ya rubuta abin da ya ji bi da bi: 100, sannan 5. Abin da bai kama ba shi ne kowace lamba tana da gidanta, kuma sifili yana tsaron gidan da ba kowa. Ka sa su kawo tsinke su ɗaure goma-goma, ɗauri goma kuma a haɗa shi ya zama babban dami ɗaya. Ka zana gida uku a ƙasa, na ɗaruruwa da na gomomi da na ɗaiɗai. Dami ɗaya a gidan farko, tsinke biyar a na ƙarshe, na tsakiya fayau. Yaron da ya ga gidan nan da idonsa zai san sifili ɗaya ake bukata.

Akwai ma inda manya ke ruɗewa. "Dubu ɗari da hamsin" na iya zama 150,000, na iya zama 100,050. 'Yan kasuwa sukan maimaita su ce dubu ɗari da dubu hamsin, kuma haka ya kamata a koya wa yara.

Wata uwa ta ce ɗanta ya ɗebe 17 daga 52 ya sami 45, ta kuma tambaya ko akwai alaƙa tsakanin ɗebewa da maganar da ake yi cewa wane ya yi biyu babu.

Hajiya, yaronki ya duba gidan ɗaiɗai ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa, sai ya cire ƙaramar daga babbar ya sami 5. Ya sake cire 1 daga 5 ya sami 4. Amsar gaskiya 35 ce. A makaranta ana ce musu su "ari" ɗaya daga maƙwabci, ni kuwa ban gamsu da kalmar ba, domin yaro ya san abin aro ana mayarwa, nan kuma ba a mayar da komai. Canji ake yi. A kwance ɗauri ɗaya daga cikin biyar ɗin, gidan ɗaiɗai ya zama 12, gomomi su koma huɗu. Bakwai daga sha biyu saura biyar, ɗaya daga huɗu saura uku. Ki kuma lura da jerin kalmomin: muna cewa "ɗebe 17 daga 52", amma a rubuce 52 ce ke zuwa farko. Yara da yawa a nan suke juya lissafin.

Game da biyu babu, tsofaffi sun kasance suna ƙirga da ragi idan an kusa cika. Ashirin biyu babu 18 ke nan, ashirin ba ɗaya kuma 19. A bakin mutane kuwa, wanda ya yi biyu babu shi ne wanda ya saki na hannu ya bi wani, ya rasa duka, ba wan ba ƙanen. Lafazin ɗaya ne, amma a ƙirga biyu ne suka rage a cika, a karin magana biyun ne gaba ɗaya suka salwanta.

Wani ɗalibi ya tambaya ko "tara" ta lamba ita ce ta tarawa. A'a. Ta lamba wasulanta gajeru ne, ta tara kaya kuwa ana jan su, akwai ma ta uku, tarar da alƙali ke ci. Rubutun boko ne bai nuna bambancin ba. Ta lambar ce a cikin "ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba", inda goma ke nufin kamala.

Wata malamar Islamiyya ta nemi bayanin sulusi da sumuni, da dalilin da ɗalibanta ke ɗaukar sumuni ya fi rubu'i.

Malama, waɗannan sunaye daga Larabci muka samo su, kamar yadda muka samo ashirin har zuwa casa'in. Sulusi ɗaya bisa uku ne, rubu'i bisa huɗu, humusi bisa biyar, sudusi bisa shida, sumuni bisa takwas, ushiri bisa goma. Ɗalibanki sun ga takwas ta fi huɗu ne. Ki nuna musu cewa lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin, kuma duk yadda masu rabo suka yi yawa kason kowa raguwa yake yi. Darasin gado da kike koyarwa ya isa misali. Mace tana samun rubu'i idan mijin bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari. A dukiyar naira 240,000 rubu'i 60,000 ne, sumuni 30,000. Zakkar kuɗi kuma rubu'in ushiri ce: a raba gida goma, a ɗauki ɗaya a sake raba shi huɗu, ya zama ɗaya bisa arba'in, wato naira 25 a kowace 1,000.

Idan aka zo tara rabi da sulusi, za ki ga sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su ce biyu bisa biyar, alhali wannan ko rabin da aka fara da shi bai kai ba. Ba su goro shida. Rabinsa uku, sulusinsa biyu, jimla biyar daga cikin shida.

Daga Maraɗi wani ya tambayi me ya sa jikarsu ta bambanta da jakar Kano.

Ɗan'uwa, kowace ta bi kuɗin ƙasarta. A Nijar dala sefa 5 ce, saboda haka dala ashirin sefa 100, dala ɗari 500, jika kuma 1,000, wato dala metan. A Nijeriya jaka fam 100 ce a da. Da aka koma naira a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta zama naira 200. Malamin da ke koyar da yaran Maraɗi ko Damagaram ya riƙa tambayarsu da wane ma'auni suke ƙirga, domin yaron da ya ce talatin a kasuwa 150 yake nufi a takarda, kuma sai an sa shi ya ninka da biyar a fili kafin ya rubuta.