Eriyar saman silin: hoto na daskarewa, laifin wa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema. Na sa eriya a saman silin, wato tsakanin silin da rufi, saboda mai gidan da nake haya ya ce bai yarda a kafa komai a waje ba. Na kama tashoshi da ɗan dama, amma akwai guda huɗu da kullum hotonsu sai ya riƙa daskarewa yana farfashewa ƙanana-ƙanana, murya ta tsinke, wani lokacin ma allon ya yi baƙi ƙirin. Na sayo busta, wato na'urar ƙara ƙarfin siginal, na jona a bayan talabijin, ƙarfin siginal ya haura 90 amma wallahi abin sai ma ya ƙara taɓarɓarewa. Waya ɗaya ce na raba ta ɗakuna uku. Eriyar ce ba ta da kyau in canza wata ko yaya?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam kar ka yi saurin ɗora wa eriya laifi, ni dai a cikin duk abin da ka lissafa ita ce ta ƙarshe da nake zargi.

Akwai abu ɗaya da ba ka faɗa min ba kuma shi ne kan gaba: da me aka yi rufin? In kwano ne, ko kuma an shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli ta alminiyam da ke tare zafi a ƙarƙashinsa, to gaskiya ka kulle eriyarka ne a cikin akwatin ƙarfe, siginal ba ya ratsa ƙarfe, dawowa yake yi. Abin da kake kamawa yanzu ragowar da ta kutso ta gefe ce kawai. Mafita ɗaya a nan, ka matsa da eriyar kusa da bangon gefe wanda ke kallon turken tashar, wato dogon ƙarfen da take watso siginal daga kansa, inda babu ƙarfe a gabanta, ko kusa da tagar iska in akwai. In rufin katako da tayil ne da sauƙi, yana ci amma ba ya cinyewa duka, sai dai in ya jiƙe da ruwan sama cin nasa yana ƙaruwa, shi ya sa za ka ga ranar ruwa abin ya fi muni.

Sai maganar bustar. Talabijin na dijital ba irin na da ba ne. A da in siginal ya yi rauni hoto ya riƙa yayyafi amma kana gani, yanzu kuwa ko dai ya fito tangaran ko babu shi sam, tsakaninsu ɗan siririn wuri ne kuma a nan tashoshinka huɗu suke tsaye. Ka shiga saitin talabijin ɗin za ka ga layi biyu, ɗaya na ƙarfi ɗaya na inganci. Kai na ƙarfi kake kallo kana murna da 90, alhali na ingancin ne ke kawo hoto. Busta ba ta ƙirƙiro siginal, abin da ta tarar shi take kumburawa, mai kyau da ƙazanta gaba ɗaya, har ta ƙara da tata. Kamar kaset ne da ya riga ya ci, ko ka ƙure muryar rediyo shashshaƙar ce za ta ƙaru. Kuma in akwai tasha mai ƙarfi kusa da kai, bustar na iya sa ta yi wa talabijin yawa ta danne masu rauni, ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Ana auna asarar da desibel, kuma duk desibel 3 rabin ƙarfin ne ya tafi. Abin raba waya mai baki biyu yana cin kusan 3.5 a kowane baki, mai baki huɗu kusan 7. Wayar RG6 mai tsawon mita 30 tana cin 5 zuwa 6 a tashoshin UHF (ɗaya daga rukuni biyu na siginal ɗin talabijin, ɗayan shi ne VHF), tsohuwar siririyar nan RG59 ta fi haka ci. Haɗa su ka gani, kafin siginal ya iso ɗaki na uku ya zama ƙashi da rai, sannan a can ƙarshe ka ɗaura masa busta.

Ga gwajin da nake so ka yi kafin ka kashe ko sisi. Cire bustar, cire abin rabawar, ka ja waya ɗaya gajera daga eriya kai tsaye zuwa talabijin ɗaya, ka sake binciken tashoshi daga farko. In guda huɗun nan sun zauna lafiya to matsalar a hanya take, kuma a nan ne busta ke da amfani, amma irin wadda ake ɗaurawa a jikin eriyar kanta kafin waya ta fara ci. Irin wannan ta cikin wayar take samun wuta, don haka ka tabbata abin rabawar mai barin wuta ta wuce ne, in ba haka ba bustar ba za ta samu wuta ba, ta koma toshe. Ka kuma kwance kawunan wayar ɗaya bayan ɗaya ka duba, sau tari za ka tarar da silin gashi ɗaya na ragar waje ya lanƙwaso ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, wannan ɗan silin kaɗai ya isa ya kashe maka tasha.

In kuma ba su zauna ba, matsalar wurin da eriyar take ne. Zangon siginal, wato tsawon igiyarsa ɗaya, a megahaz 600 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar siginal ne) rabin mita ne kacal, kuma a cikin rufi yana ta karo da bututu da tankin ruwa da wayoyin wuta yana dawowa, wani wurin ya haɗu ya yi ƙarfi wani wurin ya kashe kansa. Taku ɗaya gaba ko kamu biyu sama na iya canza komai. Ka sa wani ya zauna gaban talabijin yana karanto maka lambar inganci, kai kana matsawa a hankali, kana dakatawa daƙiƙa kaɗan don lambar ba ta sauyawa nan take. Don Allah a kan katako za ka taka, silin ba ya ɗaukar mutum, ka hau da sassafe kafin wurin ya zama tanda, ka kuma kula da ƙusoshin da suka leƙo ta sama.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ban saya ba tukuna. Na ga wata eriya 'yar falle an rubuta a kwalinta wai ta 4K ce kuma tana kamo tasha daga kilomita 500, in ɗauka?

AMSA: Hajiya ajiye musu kayansu. Babu wata eriya ta 4K ko ta dijital, eriya ƙarfe ce da aka yanka daidai da zangon siginal, ba ta san me ke cikinsa ba. Mai kama da ƙashin kifin nan da ake kira Yagi, tun 1926 Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da ita a Japan, kuma har yau tana aiki sumul. Batun kilomita 500 kuwa, duniya a lanƙwashe take, da an wuce wajen kilomita 100 turken ya faɗa bayan ƙasa sai in kan dutse yake.

Abin da za ki bincika shi ne tashoshin da kike so a wane zango suke kuma ta wace fuska. UHF daga megahaz 470 yake farawa, ƙananan ƙarafa sun ishe shi. In akwai ta VHF, wajen 174 zuwa sama kaɗan da 200, sai mai dogayen ƙarafa, 'yar fallen nan ba ta iya mata. In duk turakun a gefe ɗaya suke kuma da nisa, Yagi. In a warwatse suke, mai raga a baya ta fi buɗe fuska. Tunda a cikin rufi za ta zauna ki ɗauki wadda ta fi wadda za ki sa a waje girma, iska ba ta taɓa ta balle ta kayar. Ki leƙa eriyoyin maƙwabta ki ga ko a kwance ƙarafansu suke ko a tsaye, taki ma haka za ta zauna. Sannan ki duba talabijin ɗin kansa, Turai da yawancin Afirka tsarin watsa siginal na DVB-T2 ake yi, Amurka ATSC, in bai dace ba sai da dikoda.

TAMBAYA: Malam ni tawa da rana lafiya lau, da an kunna fitilu da magariba sai tasha biyu su gudu.

AMSA: Ɗan'uwa ai ka riga ka kama ɓarawon da kanka. Wasu ƙwayayen LED marasa inganci da cajojin waya suna fitar da hayaniyar lantarki, kuma tashoshin VHF ta fi dama wa lissafi. Ka bar talabijin a kan tashar, ka bi fitilun kana kashewa ɗaya-ɗaya, wadda ka kashe hoto ya dawo ita ce. Ka fara da waɗanda ke jikin silin, don su ne a ƙarƙashin eriyar kai tsaye.