Kafin ka buɗe wa alhaji imel

Jiya muna shirin rufe shago ka ce min: "Maigida, tunda Gmail kyauta ne, kuma minti biyar ya isa a buɗe shi, me ya sa kake tsare mutum da tambayoyi?" Aka kira isha'i ban amsa maka ba. To saurara, yarona.

Kyauta ne, ban musa ba. Gigabait 15 Google ke ba kowa. Da suka fara a 2004 gigabait 1 ne, har wasu suka ɗauka zolaya ce, don ranar 1 ga Afrilu aka sanar. Sai dai 15 ɗin nan rumbu ɗaya ne da Drive da Photos, wato ma'ajiyar fayiloli da ta hotuna ta Google, kuma yanzu ajiyar WhatsApp ta wayar Android ma can take zuba. Ka tuna hajiyar nan da ta zo shagonmu nan Shara Mansur a Makka hankali tashe, wai tikitin jirginta bai shigo ba, tana cewa wayar ce ta lalace? Lafiyar wayar ƙalau. Bidiyon Arfa da na bikin jikarta ne suka cika rumbun, in kuwa ya cika saƙo ba ya shiga, ba ya fita. Goge manyan bidiyon, sannan ka zubar da kwandon shara, don abin da ke ciki yana cin wuri har kwana 30.

Abin da za ka maƙala wa saƙo kada ya wuce megabait 25. Hoton fasfo da na iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ba sa kai wa nan, kada ya dame ka.

Tambayoyin da kake ganin ɓata lokaci ne, a kan lambar waya nake yin su. Alhaji ya sauka Jidda, ya sayi layin Saudiyya, kai kuma ka sa shi a matsayin lambar dawo da asusu. Ya gama ibada ya koma Kano ko Maraɗi, layin ya mutu. Bayan wata shida ya manta kalmar sirri, ana ta aika lambar tabbatarwa zuwa layin da ba ya hannunsa, wataƙila ma an ba wani. Haka ma ɗan'uwanmu da aka buga wa bizar fita ta ƙarshe daga Saudiyya, layinsa da iƙamarsa yake tafiya. Kuma imel na kyauta ba shi da ofishin da za ka je ka yi rantsuwa cewa naka ne. Na'ura ce za ta yi maka tambayoyi, in ba ta gamsu ba shi ke nan. Ƙari a kan haka, tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Don haka tambaye shi layinsa na gida, wanda zai riƙe har tsufa. Ƙara imel ɗin ɗansa ko ƙaninsa. Kalmar sirri shi zai zaɓa, ka rubuta masa a takarda ya sa cikin fasfo. Lambarka kuwa, ko ta shago, kada ka kuskura ka sa, ko ya roƙe ka da girman Allah. Na taɓa yi, na shekara ina amsa kiran wani dattijo da tsakar dare ina karanto masa lambobi.