Mijin labarina yana girki, masu karatu sun ce an shanye shi

Tambaya: Ina rubuta labari kashi-kashi a WhatsApp. Matar tana da shagon atamfa a kasuwar Dole, mijin malamin makaranta ne, shi ke ɗora tukunya idan ta yi dare. Masu karatu sun ce mijin-ta-ce ne, babu irinsa a Damagaram. Ina na kuskure? Daga wata marubuciya a unguwar Zango.

Amsa: Malama, girkin ba laifinsa. Mai shayi namiji ne, haka mai tsire da mai wanki da guga, ba wanda ke musu gori. Namiji ya hura wuta don kuɗi, sana'a ce. Ya hura ta a madafin gidansa, nan surutu ke tashi. Saboda haka labarinki yana wurin masu kallo, kuma da alama su kika bari a baya.

Mijin da ya fito tun shafin farko yana girki da fara'a, ba abin da ya rasa, ba mai yarda da shi. Ki sa abin ya ci masa wani abu. Hajiyarsa ta iso daga Mirya ba sanarwa, ta tarar da shi ya naɗe hannun riga, muciya a hannu, tuwo na tafarfasa. Ya ɓoye muciyar a bayansa ko ya ci gaba da tuƙi? A wannan ɗan lokacin za a san ko wane ne shi. Washegari a fada, wurin hirar abokai, ana zagaya shayi, wani ya ce masa "uwargida, me aka dafa?" Matar ma kada ki wanke ta tas, wataƙila ita ke fara rufe ƙofa don kada maƙwabta su gani.

Dalilinsa ya zama na gida: albashi ya makara, kuɗin cefane daga shago yake fitowa, ko famfo ya kawo ruwa da tsakar dare, dole wani ya tashi cika jarkoki. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje wajen 2008 da tallafin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta ke zama kan awon ciki da haihuwar matansu, don haka irin mijin nan ba baƙo ba ne.

Wa'azi kuwa ki rage. Hadisin Nana A'isha cewa Annabi (SAW) yana hidimar iyalinsa a gida ya isa, layi ɗaya, a bakin wani dattijo, bayan an riga an yi wa mijin dariya.