Zauren Iyaye: "Ba Luwa Ba, Luwa!"

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 3 da wata 2, wanda bakinsa ya buɗe sosai, har surutunsa yakan hana mu sauraron rediyo, amma har yanzu ruwa "luwa" ne a bakinsa, kare "tale", goro "dolo", tsuntsu kuma "tuntu". Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ranar da mahaifinsa ya kwaikwaye shi ya ce, "Ga luwa," sai yaron ya ɓata rai ya ce, "Ba luwa ba, luwa!" Kakarsa ta wajen uba ta ce linzami ne, a kai shi wurin wanzami a yanke. Ni kuwa hankalina bai kwanta da hakan ba. Mene ne shawararku? (Wata uwa, daga Funtuwa)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, hankalinki da bai kwanta ba ya yi gaskiya, kuma hujjar tana cikin kalmomin da kika rubuto. Linzami wata 'yar tsoka ce da ke ƙarƙashin harshe, wadda idan ta gajarta takan riƙe tsinin harshen ta hana shi ɗagawa. To, sautukan "t" da "d" da "l" duk da tsinin harshe ake furta su, sai ya ɗaga ya taɓa bayan haƙoran sama kafin su fito. Yaron da ke mayar da kare "tale" da goro "dolo" yana nuna mana cewa tsinin harshensa sake yake, har ma ya fi sauran sassan bakinsa aiki. Abin da bai gama koyo ba shi ne ɗaga bayan harshe, inda "k" da "g" suke fitowa, don haka yake jawo su gaba zuwa wurin da ya fi masa sauƙi. Aska ba ta da abin da za ta gyara a nan, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Idan Hajiya ta nace, a nuna yaron ga likita ya duba, domin linzami na gaskiya yakan fara bayyana tun jariri yana shan nono, ta hanyar wahalar kama mama.

Batun "luwa" kuwa, sai a tuna cewa Hausa ba ta sauƙaƙa wa mai koyonta ba. Harafin "r" ɗaya muke rubutawa, amma sauti biyu muke furtawa, waɗanda masana suke kira ra-kaɗe da ra-gare, kuma mai sauraro zai ji bambancinsu idan ya gwada faɗin "ruwa" sannan ya faɗi "riba". A harsuna da dama irin waɗannan sautuka suna cikin na ƙarshe da yaro yake ƙwarewa a kansu, wani sai ya kai shekara 5 ko 6. Haka nan "ts" da "ƙ" suna buƙatar a rufe maƙogwaro a tunkuɗo iska, aikin da yakan gagari manya ma da suka koyi Hausa da girmansu. Musanya "r" da "l" kuma ba baƙon abu ba ne ko a bakin Hausawan asali, tunda Bakano yana cewa "harshe", Basakkwace kuma "halshe", ba wanda ya taɓa kai ɗayansu wurin wanzami.

Fushin da ya yi da mahaifinsa shi ne abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarki. Wasu masana biyu a Amurka, Jean Berko da Roger Brown, sun ba da labarin irin wannan a 1960, inda wani yaro yake kiran kifin wasansa "fis" maimakon "fish", amma da babba ya ce masa "fis" sai ya ƙi yarda, sai da aka faɗi kalmar daidai ya amsa. Ma'anar wannan ita ce kunnen yaro yana riga bakinsa. Ɗanki ya san "ruwa" sarai, a ransa ma "ruwa" yake faɗi, shi ya sa ya ji mahaifinsa ne ya yi kuskure.

Saboda haka ba na ba da shawarar a tsare shi ana cewa, "Ce ruwa, sake faɗi," domin hakan yakan sa yaro mai surutu ya kama bakinsa. Idan ya ce, "Umma, luwa," ki amsa masa da cewa, "Ruwa kake so? Ga ruwa," ki wuce abinki. Dariya ba laifi ba ce, wa zai ji ɗansa ya kira goro "dolo" ya iya daurewa? Abin da ba shi da kyau shi ne a mayar da shi abin kallo, duk baƙon da ya shigo a ce, "Zo ka faɗi tsuntsu." Yana da kyau kuma ki rubuta waɗannan kalmomi a wani littafi tare da kwanan wata, don wata rana za ki wayi gari ki ji "ruwa" rangaɗaɗau, ki nemi "luwa" ki rasa.

TAMBAYA: Malama, 'yata mai shekara 4 takan ce "saniyoyi" maimakon shanu, "mutumomi" maimakon mutane, wani lokaci ta ce "Baffa ta zo", kuma kwanan nan ta shaida mini cewa "gobe" ta je gidan kakarta ta ci nama. Mahaifiyarta Fulatanci take yi mata, ni kuma Hausa. 'Yan'uwana suna cewa harsuna biyun ne suka rikita ta. Ko mu daina ɗaya? (Wani uba, daga Gombe)

AMSA: Malam, kada ku daina ko ɗaya. Yaran da ba su jin komai sai Hausa su ma suna yin irin waɗannan kurakurai, kuma tashi da harshe biyu ba ya haifar da cutar magana. Abin da aka saba gani shi ne yaro ya ɗauko kalma daga nan ya saka can kafin ya rarrabe su, kamar yadda mu manya muke yi da Hausa da Turanci ba tare da kowa ya ce mun rikice ba.

Ka dubi "saniyoyi" da kyau, ba wanda ya taɓa faɗinta a gabanta, ita ta ƙera abarta. Ta ji taga da tagogi, ƙofa da ƙofofi, hanya da hanyoyi, sai ta gano cewa ana maimaita baƙin ƙarshe a tsakanin "o" da "i", ta ɗora saniya da mutum a kan wannan ƙa'ida. Laifin, in akwai shi, na Hausa ne, wadda take da hanyoyin jam'i barkatai, ga gidaje, ga karnuka, ga littattafai, sannan ga irin su shanu da awaki da mata da ba su bin kowace hanya sai dai a haddace su ɗai-ɗai. Yarinyar da ta iya zaƙulo ƙa'idar nahawu ba tare da malami ba, ƙwaƙwalwarta tana aiki yadda ake so. "Ya" da "ta" kan ɗauki lokaci kafin su zauna, kuma mai yiwuwa nata su ɗan ƙara jinkiri, tunda Fulatanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna kamar yadda Hausa take yi. Jiya da gobe kuwa, ta riga ta gane cewa dukansu ba yau ba ne, saura ta tantance wanne ne a baya wanne ne a gaba. Idan ma ka ji ta juya gaɓoɓin kalma, ka tuna manya nawa ne suke cewa "wahainiya" da "gabaruwa" da "binkice".

TAMBAYA: Jikana mai shekara 2 da rabi ba ya faɗin komai sai "mama" da "ba", alhali sa'anninsa suna ta gwaranci. Iyayensa suna cewa nauyin baki ne irin na maza. Shin mu ci gaba da jira? (Wata kaka, daga Zariya)

AMSA: Hajiya, wannan daban yake da tambayoyi biyun da suka gabata, kuma ba na so a jira. A bisa al'ada yaro yakan fara gwalan-gwalan tun yana kimanin wata 6, ya furta kalmar farko a wajen shekara 1, ya fara haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Baba tafi" a wajen shekara 2. Yara sun bambanta, gaskiya ne, amma kalma biyu kacal a shekara 2 da rabi ta isa dalilin ganin likita. Abu na farko da za a auna shi ne jinsa, domin ciwon kunne mai yawan dawowa, da sanƙarau, da ƙyanda, da shawara mai tsanani a kwanakin jego, duk suna iya rage ji ba tare da mutanen gida sun lura ba, musamman idan yaron mai wayo ne da ke karantar fuska da hannu. Ki gwada kiran sunansa a hankali daga bayansa, inda ba ya ganinki, ki lura ko zai waiwayo, ki kuma faɗa wa likita idan akwai kalmomin da ya taɓa iyawa sannan ya daina. Daga Zariya ba ku da nisa da taimako, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kafin ranar zuwa, a rage masa zama da waya, ki riƙa zaunar da shi kusa da ke kina ambaton sunan duk abin da kika ɗauka, ludayi ne ko tsintsiya, ki kuma ba shi lokaci ya amsa ko da nuni ne. Allah Ya buɗe bakinsa, Ya raya mana shi.