Ba a ƙara maka sai ka biya na jiya

Ƙanena, saƙonka ya same ni ina tsakiyar duba takardun jarabawa, shi ya sa amsar ta yi jinkiri. Ka ce tun da ka fara koyarwa a jami'a a can Kano ɗaliban aji ɗaya ke hana ka barci: ɗaki cike maƙil, ka yi bayani har murya ta dushe, kowa na gyaɗa kai, ranar jarabawa kuma sai ka ga kamar da bango ka yi magana. Sannan ka tambaye ni yadda mu 'yan zango a Gana muke yi yaranmu su kai ga digiri, alhali Turanci harshe na uku ne gare su, bayan Hausa da Twi, harshen mutanen Asante.

Bari in fara da kalma ɗaya. A Kumasi in ka ce "makaranta" ba wanda zai kawo boko a ransa. Makaranta a bakinmu ta allo ce da ta Islamiyya, ta boko kuwa "sukuu" muke ce mata kamar yadda Asante ke faɗa. Kakanninmu da suka biyo fataucin goro ta Salaga suka yada zango a nan sun tarar da boko a hannun 'yan mishan, sai suka riƙe 'ya'yansu. Baffanka, mahaifina, bai taɓa zama a benci ba. Sai a 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, aka riƙa tura malaman boko makarantunmu, iyaye suka saki jiki. A 2017 aka mayar da sakandare kyauta, rukunin farko suka fito a 2020, ɗakunan lacca suka tumbatsa. Da yawa daga cikin yaran unguwannin Aboabo da Asawase da ke zaune gabana yau su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. Ba su da yaya ko kawu da zai gaya musu yadda ake karatu a can.

Abin da suke zuwa da shi hadda ce. Yaron da ya sauke Alƙur'ani, shafi ashirin na takardar lacca ba komai ba ne a wurinsa, daren jarabawa zai kwashe su tsaf. Ɗalibai a nan har suna da wata magana da Turanci mai ma'anar tauna ka amayar, ci jarabawa ka manta. Na daɗe ina ɗora wa makaranta laifin wannan, har ranar da na raka ɗana na zauna a bakin zaure ina kallo. Malam bai yi wa yara lacca ba ko sau ɗaya. Yaro ne ke zuwa ya durƙusa da allonsa ya biya, malam na saurare, inda ya yi tuntuɓe a nan ake tsayar da shi. Ba a wanke allo, ba a ƙara masa, sai na jiya ya zauna. Can gefe babban almajiri na biya wa ƙanana, wasu biyu kuma suna karɓar tilawar juna. A wurin nan bakin ɗalibi ne ke aiki, kunnen malam ke aiki. Ni kuwa a jami'a na juya abin: ni ke magana awa biyu, su suna shiru, ban san inda suka yi tuntuɓe ba sai bayan wata huɗu, lokacin da gyara ba ya yiwuwa.

Daga baya na karanta cewa wani malamin fiziks a jami'ar Harvard, Eric Mazur, ya gano irin wannan a ajinsa a farkon shekarun 1990, ya koma sa ɗalibai suna fahimtar da juna. A 2014 kuma wasu masana a Amurka suka tattara nazari 225 kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi a matakin digirin farko: inda lacca ce zalla kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji kuwa kusan kashi 22. Na ji daɗin alƙaluman, amma a zaure na fara ganin abin.

Ga yadda nake yi yanzu. In na yi bayani na minti goma sha biyar sai in tsaya in jefa tambaya ɗaya. Wata safiya, bayan na gama ƙa'idar Archimedes, wadda ke bayanin yadda abu ke yawo a kan ruwa, na ce: ga ƙanƙara tana yawo a kofin ruwa, in ta narke ruwan zai hau, zai sauka, ko zai tsaya inda yake? Kowa ya ɗaga yatsu a ƙirjinsa, ɗaya ko biyu ko uku. Mafi yawa suka ce zai hau, su da za su iya karanto maka ƙa'idar ba gargada. Ban faɗi amsa ba. Na ce kowa ya nemi wanda suka saɓa ya shawo kansa, da duk harshen da ya ga dama. Ɗakin ya kaure kamar kasuwar Kejetia. Ina zagayawa sai na ji wata yarinya mai hijabi, wadda ban taɓa jin muryarta ba, tana gaya wa ta kusa da ita da Hausar zango: "Kin ga ramin da ƙanƙarar ta yi a cikin ruwa? Nauyin ruwan da ta ture daidai yake da nauyinta. In ta narke, ramin nan kawai za ta cike." Da aka sake ɗaga yatsu ɗakin ya juya. Wallahi bayaninta ya fi nawa.

Kada in ɓoye maka, abin na da tsada. Ba na kammala manhaja yadda na saba, dole na zubar da wasu babuka, kuma wani abokin aiki ya taɓa kai ƙarata cewa ajina ya cika hayaniya. Wasu ɗaliban ma sun yi gunaguni da farko, don sun saba a ba su takarda su haddace. Na fi son babi takwas da suka zauna a kan goma sha biyu da suka wuce ta sama.

Babban almajiri ma muna da shi. Hidimar ƙasa ta bayan digiri, ta Gana da taku, duk a 1973 aka kafa su, amma a nan sassan jami'a kan riƙe waɗanda suka fi ƙwazo su yi shekararsu a matsayin mataimakan malami. Su ke raba aji ƙungiya-ƙungiya su yi bita kowane mako. Nawa nakan gargaɗe su kada su sake yin lacca, su miƙa alli ga ɗalibi su koma gefe. Kowane mako kuma akwai ɗan gwaji na minti goma. Wanda ya faɗi sau biyu a jere ba na jiran ya zo, ni nake aika a kira shi.

Sauran aikin a unguwa ake yinsa, kuma nan ne amsar tambayarka ta ainihi. Samarin zango suna da wuraren zama da suke kira "bes", irin majalisarku, inda ake dafa ataya har dare. Wasu daga cikin waɗannan wuraren sun zama wurin bita: wanda ke aji uku ya zauna da na aji ɗaya, butar shayi na kan gawayi, ana warware lissafi da Hausa kafin a mayar da shi Turanci. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana ma tana tarbar sababbi a masallacin jami'a, ta nuna musu wanda za su nema in karatu ya cije. Inda har yanzu muke da rauni shi ne 'yan mata: ba sa zaman bes, kuma wadda ke kwana a gida takan tashi da asuba ta taya uwa dama koko ko dafa wake da shinkafa na sayarwa kafin ta hau mota. Shi ya sa na mayar da bitar mata tsakanin azahar da la'asar, a cikin jami'a.

In ka samu zuwa zan kai ka Tamale, ka ga jami'ar nazarin raya ƙasa da aka kafa a 1992. Shekararsu zango uku ce, a na ukun ana haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban a tura su ƙauye su zauna makonni, su ji matsalar mutane daga bakinsu, su rubuta rahoto a ba su maki.

Kai kuwa tsangaya na bayan gidanku, ba sai ka zo Gana ba. Je ka zauna safiya ɗaya ka ga wa ke magana, wa ke saurare. Ranar laccarka ta gaba ka shirya tambaya ɗaya tak, ka bar su su yi gardama minti uku ko da Hausa ne, sannan ka rubuto mini abin da ka ji suna faɗa. Ka gaishe da Inna da yara.